Tal National: Orkestar da ta haɗa jita da kalangu ta ratsa Nijar

Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Damagaram, dole ta bi ta Tirmini. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ce ta ratsa garinmu, ta shiga birnin Zinder, ta wuce Gure da Difa, ba ta tsaya ba sai Ngigmi, kusa da Tafkin Cadi. A gefen Ngigmi akwai wata hamada mai farin rairayi da ake kira Tal. Can yamma kuwa, a Yamai, cikin shekarar 2000, wani makaɗin jita ya tara abokansa suka kafa orkestar, ya raɗa mata sunan wannan hamada: Tal National. Tun daga ranar suna aka san inda suka dosa. Ƙasar baki ɗaya suke so su yi wa kiɗa, ba unguwa ɗaya ko ƙabila ɗaya ba.

Na daɗe ina sauraronsu, kuma har yau ra'ayina yana nan inda yake. A cikin ƙungiyoyin kiɗan zamani da Nijar ta fitar, ban ga wadda ta kai su iya tayar da Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da Buzu su yi rawa a fili ɗaya, kowa yana jin nasa ake kaɗawa ba.

Kunnenmu yana kudu

Sai mutum ya san abin da muka tashi muna ji kafin ya gane abin da suka yi mana. Damagaram ƙasar kiɗa ce tun kaka da kakanni. Fadar Sarki tana da kakakinta da algaitarta da tamburanta, sunan Ma'azu Ɗan Alalo kuwa ba ya ɓoyuwa ga duk wanda ya san waƙar fada. Amma kiɗan kaset, wanda ake sawa a rediyo mai batir a gindin bishiya, daga kudu yake zuwa mana. Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba. Tsakaninmu da Kano bai kai kilomita 300 ba, Yamai kuwa sai an ci kusan 900. Saboda haka Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos su suka rene mu, sai waƙoƙin finafinan Indiya, daga baya kuma waƙoƙin finafinan Hausa da ake haɗawa da fiyano. Jita kuwa mun ɗauke ta kayan wasu ce, ta ƴan Zayar da ƴan Mali da su Bob Marley.

Ba wai Nijar ba ta da masu jita ba. Tana da su, kuma sun yi ƙoƙari. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani ta Prix Dan Gourmou, wadda ta tilasta wa orkestocin jihohi su koma su tono kiɗan gida. Aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, mai ɗauke da sunan El Hadj Taya. Marigayi Saadou Bori na Maraɗi ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora shi a kan kayan Turawa, shi da Moussa Poussy suka fitar da faifan Niamey Twice a 1994. Shekara ɗaya bayan haka Yacouba Moumouni mai sarewa ya kafa Mamar Kassey. Waɗannan su suka share fage. Sai dai zuwa ƙarshen shekarun 1990 guguwar rap ta taso, su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong suka kwashe samari, har ya zama wanda ya rungumi jita da ganga ana yi masa kallon ɗan jiya. A tsakiyar wannan guguwa Tal National ta fito, ta kuma ƙi bin iska.

Mu a nan ba a shago muka saye su ba. Ta salula suka shigo mana. Direba ya dawo daga Yamai da kart memuwar, yaron mota ya tura wa mai shayin tasha, mai shayi ya tura wa ƴan fada, kafin sati ya zagayo waƙar ta kai ƙauyukan da ko kuran ba su da shi. Da yawa daga cikinmu mun haddace kiɗan tun ba mu san fuskar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba, sai da muka fara ganinsu a talabijin.

Alƙali mai jita

Wanda ya kafa ƙungiyar sunansa Hamadal Issoufou Moumine, amma duk Nijar da Almeida aka san shi. Tarihinsa kaɗai ya isa a tsaya a duba. Ya buga ƙwallon ƙafa, ya yi aikin alƙalanci a kotu a Yamai, ya kuma yi aiki da yaran gidan marayu na SOS. Da rana yana sauraron ƙararraki, da dare yana rataye da jita.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa irin tamu. Mun san yadda ake kallon makaɗi a ƙasar Hausa. Ana son kiɗansa, ana yi masa kyauta, amma idan ya zo neman aure sai a fara tambayar asali. Uba ba ya murna idan ɗansa ya ce kiɗa zai yi. Almeida bai tsaya yi wa kowa wa'azi a kan wannan ba. Ya dai riƙe aikinsa na mutunci, ya riƙe jitarsa, ya tafiyar da orkestar kamar yadda ake tafiyar da ma'aikata: kowa da lokacinsa, kowa da aikinsa. Na san samarin da suka samu bakin yi wa iyayensu magana saboda shi.

Abin da kunne yake ji

Ƴan jaridar Turai da Amurka da suka ji su sun sa su a layin rok, kuma ban ga laifinsu ba. Ga jita mai lantarki an buɗe mata murya, ga bas, ga gangunan batiri ana dukansu ba tausayi, ga sauri kamar ana kora. Duk wanda ya saba da rok zai ji ya zo gida. Amma ɗan ƙasa yana jin wani abu daban a ƙarƙashin wannan ƙara.

Da farko akwai kalangu. A wajen Tal National kalangu ba ado ba ne da ake ɗaukowa don baƙi su ɗauki hoto. Yana tsakiyar kiɗan, kafaɗa da kafaɗa da batiri, wani lokaci ma shi yake ja gaba. Mun san kalangu tun muna yara, kiɗan mahauta ne, kiɗan ƴan mata a dandali, shi ne kuma ya ɗauki muryar Shata shekara da shekaru. Mun san yadda makaɗi yake matse igiyoyinsa a hammata, murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har gangar ta faɗi magana wadda Bahaushe zai fassara. To a ce wannan ganga ce take amsa wa jita mai lantarki, jitar ta faɗa, kalangu ya mayar mata, abin yana taɓa zuciya ta inda ba a zata ba. Ranar da na fara jin haka na gane cewa ba dole sai mun ajiye namu ba kafin mu shiga zamani.

Sai jitocin kansu. Ba sa yin abin da mai jitar Turai yake yi, wato ya daki igiyoyi gaba ɗaya ya bar mawaƙi ya hau kai. Ɗaya bayan ɗaya suke tsinkar igiya, da sauri, gajeren zance ana maimaita shi, irin yadda mai gurmi ko mai molo ko mai garaya yake yi. Jita ɗaya ta kama nata zancen, ta biyu ta shigo ta cike gurbin da ta farko ta bari. Abin ya fi kama da lugude: mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓarya tana sauka wata tana tashi, ba mai karo da wata, kuma daga haɗuwarsu ne daɗin yake fitowa. Idan ka ware jita ɗaya ka saurara, ba wani abin mamaki. Idan suka haɗu, sai ka rasa inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara.

Sannan bugun. Yawancin kiɗansu a kan bugun uku-uku yake tafiya, wanda masana kiɗa suke rubutawa 12/8, amma a lokaci guda wani a cikinsu yana buga bibbiyu a kai. Shi ya sa mutum biyu za su yi rawa da waƙa ɗaya, ƙafarsu ba ta sauka tare, kuma duk suna daidai. Abin da ya fi burge ni shi ne juyi. Ana tsaka da gudu, kowa ya jiƙe da gumi, sai su tsaya cak gaba ɗaya, su faɗa wani bugun daban ba tare da ko mutum ɗaya ya makara ba. Wanda bai taɓa riƙe kayan kiɗa ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Ba ya samuwa sai ga mutanen da suka yi shekaru suna kwana a kan dandali tare.

Awa biyar ba hutawa

Nan ne asirin yake, idan ma asiri ne. Tal National ba a situdiyo aka gina ta ba, a gaban jama'a aka gina ta. A Yamai an san su da yin wasa dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar, kiɗa ba ya yankewa. Jikin mutum ɗaya ba zai ɗauki wannan ba, don haka suka yi dabara. Ƙungiyar takan kai mutum 13, amma shida ne suke hawa dandali a lokaci guda. Mai batiri ya gaji, wani ya karɓi sanduna ana cikin kiɗa. Mawaƙi ya sauka, wani ya ɗauki makirfo. Da yawansu suna iya kaɗa abu fiye da ɗaya. Idan buki biyu suka haɗu a dare ɗaya, sai su rabu gida biyu, kowane ɓangare ya je ya yi wasa da sunan Tal National.

Na gan su da idona a Yamai, a wani fili marar rufi, kujerun roba a jere, ƙura tana tashi. Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙwarewar hannu ba ce kaɗai, yadda suke karanta jama'a ne. Suna ganin wani rukuni ya shigo, sai kiɗa ya karkata wajensu. Matan Zabarmawa suka miƙe, aka ba su nasu. Can sai aka juya zuwa takamba, masu rawani suka fito suna lanƙwasa hannu a hankali. Da kalangu ya ɗaga murya kuwa, mu ƴan gabas ba wanda ya ce mana mu tashi. Ana liƙi, ana kiran sunaye, ana yabon wanda ya yi kyauta, kamar dai yadda makaɗan gargajiya suke yi. Wasu masu son kiɗan zamani suna ƙyamar wannan, suna cewa roƙo ne. Ni ban ɗauke shi aibi ba. Da wannan liƙin ake sayen igiyar jita, ake gyara sono, ake zuba mai a mota. Ƙasar da ba a sayen faifai, jama'ar da ke gabanka su ne kamfaninka.

Faifan ma da kansu suka riƙa sayarwa. Da yake babu kamfanin rarraba kiɗa, sai su fita shataletalen Yamai da CD a hannu, su miƙa wa masu mota da masu babur. Suna kuma ɗaukar kayansu su zagaya jihohi, tafiyar da duk wanda ya san hanyoyinmu ya san ba wasa ba ce.

Daga Yamai zuwa Shikago da Ingila

Almeida ya je wani bikin fasaha a Shikago, a Amurka, ya haɗu da wani mai ɗaukar sauti, Jamie Carter. Maimakon a kwashi mutum goma sha a kai su waje, sai aka ɗauko Carter da na'urorinsa cikin akwati aka kawo shi Yamai. Shi ya ɗauki faifan A-Na Waya, wanda ya karaɗe Nijar. Ya dawo a 2011 suka ɗauki Kaani, a cikin ƙura da zafi da kayan aikin da suka sha wuya. Kamfanin FatCat Records na birnin Brighton a Ingila ya fitar da shi ga duniya a 2013, jaridar New York Times kuma ta sa shi cikin fayafayan da suka fi fice a shekarar. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018, wanda mawaƙiyar rap Zara Moussa ta sa murya a ciki. Suka zagaya Amurka da Turai, suka hau manyan dandali irin na WOMAD.

Idan aka tambaye ni, Kaani ne gaba. A cikinsa komai yana da wurin numfashi, kana jin kowace jita da kowace ganga daban, muryoyin kuma suna fitowa fes. Zoy Zoy ya fi shi wuyar kaɗawa, juyi a kan juyi, wanda makaɗa suka fi yabawa. Tantabara kuwa wuta ce, an bar sautin da kaushinsa da gangan don ya yi kama da abin da ake ji a fili. Ina son sa, amma ba na ɓoye cewa a wasu wurare gudun ya yi yawa har yana danne waƙar, kuma dattijon da ya saba da Ɗanƙwairo ba zai daɗe a kansa ba. Wanda bai taɓa jin su ba, da Kaani ya kamata ya fara.

Abu ɗaya nake so a riƙe a nan. Ba yabon Turawa ne ya sa muka so su ba. Kafin wata jarida a Landan ko New York ta san da su, sun riga sun cika filaye a gida. Sau da yawa mawaƙin Afirka sai ya yi suna a Faransa sannan ƴan ƙasarsu su waiwaye shi. Su nasu ya bi ta hanyar da ta dace.

Ba jitar hamada kaɗai ba

Yau idan aka ce jitar Nijar a waje, hankalin mutane yana tafiya arewa ne. Suna da hujja. Tinariwen na Mali sun buɗe ƙofa, har suka ci kyautar Grammy a 2012. Marigayi Abdallah Oumbadougou ya kafa harsashi a nan gida. Bombino na Agadas ya fitar da Nomad a 2013, faifansa Deran kuma ya kai shi takarar Grammy. Mdou Moctar, wanda a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, ya zama abin kwatance a duniyar rok. Duk namu ne, muna alfahari da su, ina kuma sauraronsu.

Sai dai jitar Abzinawa murya ɗaya ce daga cikin muryoyin ƙasar nan. Baƙon da ya tsaya a kanta zai ɗauka Nijar duk raƙumi ne da rawani. Ina manoman gero na Damagaram da Maraɗi? Ina masuntan bakin Kwara? Ina makiyaya, ina ƴan kasuwa, ina hayaniyar Yamai? A kiɗan Tal National ake jin waɗannan. A cikinsu akwai Hausawa da Zabarma-Sonrai da Fulani da Abzinawa, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, wani lokaci da Faransanci. Sukan ɗauko tsohuwar waƙar gargajiya ta wata ƙabila su sake mata riga, mutanen wata ƙabilar su rera ta. Ni Zabarmancina bai taka kara ya karya ba, amma akwai waƙoƙinsu na Zabarmanci da nake bi daga farko har ƙarshe. Mun sha jin jawabin haɗin kan ƙasa a rediyo tun zamanin samariya. A filin Tal National na ga abin da idona.

Akwai kuma wata waƙa a faifan Zoy Zoy mai suna Saraounia. Ɗan Tirmini ba ya jin wannan suna ya wuce. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine da Sarauniya Mangu ta tsaya wa a Lugu cikin watan Afrilu na 1899, ragowarta ce ta iso nan a ƙarshen Yuli na shekarar, ta gwabza da dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini, kashegari ta shiga Zinder. Tarihi ɗaya ne ya ɗaure ƙasar Arewa, inda Lugu yake, da Damagaram, ko da yake a lakwal ba kullum ake nuna mana haka ba. Ƙungiyar da take ɗaukar sunaye irin wannan tana kai su gaban matasa da jita, ta yi aikin da ya wuce nishaɗi.

Maganar da ake yi a gida

Ba kowa ne a Damagaram yake kallon wannan da alheri ba, kuma bai kamata a yi kamar ba a sani ba. Garin malamai ne, akwai masu ganin kiɗa gaba ɗaya abin gudu ne, akwai masu cewa ba kiɗan ne damuwarsu ba, wuraren da ake yin sa da dare ne. Ina girmama su, wasunsu iyayena ne. Abin da nake cewa kawai shi ne a saurari abin da ake faɗa kafin a yanke hukunci. Waƙoƙin Tal National a kan zaman lafiya suke, da soyayya, da haƙuri da juna, da darajar mata, da kyawun ƙasa. Yaranmu kuwa ko mun so ko mun ƙi suna jin kiɗa a salula dare da rana, mafi yawansa daga wuraren da ba su san mu ba, ba su kuma damu da tarbiyyarmu ba. Idan har za su ji, na fi son su ji wanda kalangu yake ciki.

Damuwata ta fi karkata wani wajen. Bukukuwanmu sun koma hannun mai kwamfuta da lasifika. Waƙar amarya a situdiyo ake haɗa ta, mutum ɗaya da fiyano, na'ura ta gyara masa murya. Yana da sauƙin kuɗi, na sani, kuma a cikin masu yin haka akwai masu basira. Amma makaɗin kalangun da ba a gayyata buki ba, ɗansa ba zai gaji sana'ar ba. Orkestar kuma ba ta rayuwa sai da wurin da za ta yi wasa a kai a kai. Abin da ya sa hannun ƴan Tal National ya faɗa shi ne dare biyar ɗin nan na kowane mako. Matashin Zinder ko Mirya ko Takeita da yake da jita a ɗaki, ina zai samu nasa daren?

Don haka kirana ga masu buki ne da farko: wanda Allah ya hore wa, ya ɗauko makaɗa masu rai, ya biya su hakkinsu ba tare da ja-in-ja ba. Gidajen rediyon Damagaram su ware wa kiɗan orkestocin ƙasa lokaci, kada su bar shi sai ranar bikin ƙasa. Masu kula da gidajen matasa da al'adu su buɗe ƙofa ko da dare ɗaya ne a mako, su bar yara su kaɗa a gaban jama'a. Ku kuma samari masu sha'awar jita, ku nemi Kaani ku saurara da kyau, sannan ku je wajen tsohon mai kalangun unguwarku ku durƙusa ku gaishe shi, ku roƙe shi ya koya muku tun yana da ƙarfin hannu.